Ƙarfe a Hannun Gwani: Sharhi kan Wankin Haƙora da Kayan Hannu a Sabha

Akwai ciwon da ke raba mutum da haƙoransa ba tare da ya taɓa hana shi barci ba. Yakan fara da ɗan jini a bakin asawaki, sai warin baki da man goge baki ba ya kashewa, sai dasashi ya soma ja da baya har haƙora su yi kamar sun ƙara tsawo. Shekaru su yi ta tafiya. Ranar da haƙori ya fara girgiɗi, a ranar ake neman likita, alhali ƙashin da ke riƙe da shi ya riga ya zaizaye. Wannan shi ne ciwon dasashi, kuma maganinsa na farko ɗaya ne ko a Sabha ko a Kano ko a Landan: a kankare dattin da ya daskare a jikin haƙori, wanda ke sama da dasashi da wanda ya ɓuya a ƙarƙashinsa. Shi ne muke kira wankin haƙora.

Hanya biyu ake bi. Ko dai a yi da inji mai girgiza yana fesa ruwa, ko a yi da 'yan ƙarafa masu kaifi da ake riƙewa a hannu. Mutane da yawa, har da wasu masu koyon aikin, gani suke ƙarfen hannu tsohon yayi ne, abin da ake komawa gare shi idan an ɗauke wuta ko asibitin ba shi da hali. Ni a ganina wannan fahimta tana cutar da marasa lafiya. Ƙarfen hannu magani ne cikakke, amma da sharuɗɗa uku: hannu ya ƙware, bakin ƙarfen ya yi kaifi, kayan su kasance tsarkakakku. Idan ɗaya ya faɗi, aikin ya faɗi. A gari irin Sabha kuwa, waɗannan sharuɗɗa sun fi sayen sabon inji muhimmanci.

Sabha da bakin mutanenta

Sabha ita ce babban birnin Fezzan, a kudu maso yammacin Libiya, fiye da kilomita 700 daga Tarabulus ta hanyar mota. Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan yanki. Tun zamanin fatake ayari ke tasowa daga Kano da Katsina da Damagaram, ya bi ta Gat ko Murzuk ya nufi bakin teku. Yau ma wanda ya taso daga Agadas ya ratsa Dirku da Gatrun, a Sabha yake fara sauke jakarsa. Wasu su wuce gaba, wasu su zauna suna aikin gini ko gona ko gadi ko ɗinki.

Larabawa da Tubawa da Buzaye da Hausawa duk shayi ɗaya suke sha, mai kauri, mai sukari, sau da dama a yini. Ga dabino, ga sigari a bakin maza da yawa, ga tabar gari da kanwa wajen wasu, ga goro ga wanda ya samu. Shayi da goro suna rina haƙora. Sukari yana ciyar da ƙwayoyin cutar da ke huda su. Taba kuwa ta fi duka ɓarna ga dasashi, domin tana hanzarta zaizayar ƙashi, sannan tana takure ƙananan jijiyoyin jini, sai jinin da ya kamata ya zama gargaɗi ya ƙi fitowa. Mai shan taba zai iya kai wa mummunan mataki yana cewa shi dasashinsa bai taɓa jini ba.

Jami'ar Sabha, wadda ta faro a 1976 ta kuma tsaya da ƙafafunta a 1983, tana da tsangayar likitancin haƙori. Malamai daga wannan tsangaya sun duba bakin mutanen garin, matasa da manya, suka buga abin da suka gani a mujallun kimiyya a 2012 da 2013. Masu cikakkiyar lafiyar dasashi tsiraru ne ƙwarai. Mafi yawa ko dai suna ɗauke da daskararren datti, ko ramuka sun fara buɗewa tsakanin dasashinsu da haƙori. Masu ramuka masu zurfi kuwa ba su kai waɗancan yawa ba. Wannan labari ne mai ban tsoro da ban ƙarfafa gwiwa a lokaci guda: ciwon ya game gari, amma akasarin mutane suna matakin da wanki mai kyau da koyar da tsabta za su iya tsayar da shi ba sai an kai ga tiyata ba. Ba Sabha kaɗai ba ce. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa ciwon dasashi mai tsanani ya kama kusan kashi 19 cikin ɗari na manyan duniya, fiye da mutum biliyan ɗaya.

Sai a haɗa wannan da halin da garin ke ciki. Tun bayan 2011 kudancin Libiya ya sha fama da ɗauke wuta na tsawon sa'o'i, musamman lokacin zafi, da layin mai, da tsaikon kaya daga arewa. Injin wankin haƙora yana son wuta, yana son ruwa mai tsabta, bakinsa yana cinyewa a nemi sabo, idan ya lalace kuma sai an jira mai gyara. Asibitin da ya jingina dukkan aikinsa ga inji, ranar da injin ya tsaya marasa lafiya gida za su koma.

Me ake kankarewa?

'Yan sa'o'i bayan mutum ya goge bakinsa, wani farin danƙo mai laushi yakan fara taruwa a gindin haƙora. Ba ragowar abinci ba ne kawai, taron ƙwayoyin cuta ne manne da juna. Muddin yana da laushi, buroshi ko asawaki na iya share shi. Idan aka bar shi, sinadaran kalsiyam da fosfet da ke cikin miyau sai su shige shi, cikin kwanaki zuwa makonni ya daskare, kamar farin ɓawon nan da ke kama cikin butar shayi. Daga nan ya fi ƙarfin buroshi. Wasu na ce masa tsatsar haƙori. A asibitocin Libiya za ka ji ana ce masa jir.

Wurare biyu ya fi kamawa: bayan haƙoran gaba na ƙasa, da gefen kumatu na turamen sama, domin nan ne miyau ke ɓulɓulowa. Wannan na sarari fari ne ko rawaya, kuma bai cika gardama ba. Na ƙarƙashin dasashi shi ne mugun: baƙi ne ko ruwan ƙasa, ya fi tauri, ya fi kama saiwar haƙori, kuma ido ba ya ganinsa.

Ita kanta tsatsar ba ita ce dafin ba. Illarta ita ce kaushinta, wanda ke ba sabbin ƙwayoyin cuta maƙale a inda buroshi ba ya kaiwa. Jiki sai ya tashi yaƙi da su, dasashi ya kumbura, ya yi ja, ya riƙa jini. A lafiyayyen baki, ɗan ramin da ke tsakanin dasashi da haƙori bai wuce milimita 1 zuwa 3 ba. Idan ciwo ya ci gaba sai ramin ya zurfafa zuwa 4 ko 5, daga nan 6 zuwa sama, ƙashi yana narkewa a ƙasa. Kumburin dasashi kaɗai yana warkewa sarai idan an wanke. Ƙashin da ya tafi kuwa da wuya ya dawo. Abin da ake nema shi ne a ceci wanda ya rage.

Daga Ƙurɗuba zuwa Shikago

Wanda ke ganin wannan aiki baƙon abu ne da Turawa suka kawo, ya kamata ya san Abul Ƙasim al-Zahrawi, likitan Ƙurɗuba a Andalus, wanda ya rasu wajejen 1013. A cikin babban littafinsa na likitanci, al-Tasrif, ya bayyana cewa dattin da ke daskarewa a haƙora yana lalata dasashi, ya zana makankarai goma sha huɗu masu siffofi daban-daban, ya kuma nuna cewa wanda ake kankare cikin haƙori da shi daban yake da na waje, kuma idan aikin bai ƙare a zama ɗaya ba a sake zama. Shekara dubu ke nan, amma tushen tunanin bai sauya ba.

A Faransa, Pierre Fauchard ya fitar da littafinsa kan aikin haƙori a 1728, da nasa kayan kankara. A Amurka, likita Alfred Fones ya buɗe makarantar farko ta koyar da jami'an tsabtar baki a garin Bridgeport a 1913, bisa hujjar cewa wankin haƙora da koyar da tsabta sun isa su zama sana'a mai zaman kanta. A shekarun 1940 likita Clayton Gracey, tare da Hugo Friedman mai kamfanin Hu-Friedy na Shikago, suka ƙera jerin makankaran da har yau ake kira da sunan Gracey. Injin girgiza bai shigo ba sai a shekarun 1950. A Nijeriya ma akwai jami'an da aikinsu ke nan, waɗanda makarantar tarayya da ke Inugu ta daɗe tana yayewa, da hukumar da ke yi musu rajista.

Kayan aikin, da yadda hannu ke bi da su

Kafin a taɓa makankari, ma'auni ake fara ɗauka. Siririn ƙarfe ne marar kaifi mai zane-zanen milimita. Irin wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara yana da ɗan ƙwallo na rabin milimita a bakinsa, da baƙin zobe daga milimita 3.5 zuwa 5.5. Ana zura shi a hankali a kewaye kowane haƙori. Idan baƙin zoben ya nutse duka, ramin ya yi zurfi. Wanda ya fara kankara bai auna ba, bai san inda ciwon yake ba, ba kuma zai san ko ya warke ba.

Makankaran iri biyu ne manya. Akwai mai siffar lauje, mai tsini da kaifi biyu, na fasa tsatsar da ke sama da dasashi da tsakanin haƙora. Ba a cusa shi can ƙasa, domin tsininsa zai yaga nama ya karce saiwa. Akwai kuma mai siffar ɗan cokali, mai zagayayyen baki da santsin baya, wanda aka yi domin shiga ƙarƙashin dasashi. Daga cikin masu cokali akwai na ko'ina, mai kaifi biyu, akwai kuma na Gracey, wanda kaifinsa ɗaya ne, fuskarsa a karkace da digiri 70, kowane da yankinsa: mai lamba 1/2 na haƙoran gaba, 7/8 na gefen kumatu da gefen harshe na turame, 11/12 na fuskar turmi da ke kallon gaba, 13/14 na fuskar da ke kallon maƙogwaro. Da waɗannan huɗu, da lauje ɗaya, da ma'auni da madubi, gwani zai gama baki guda.

A dubi hannun gwanar aiki a kan turmin ƙasa. Ta riƙe ƙarfen kamar alƙalami, babban yatsa da manuni a kan mariƙi, na tsakiya ya tallafi wuyansa. Yatsan zobe ta kafa shi a kan haƙorin da ke kusa, shi ne madogara. Idan babu shi, ƙarfe zai iya zamewa ya soki harshe ko kumatu. Sai ta kwantar da fuskar cokalin a jikin haƙori, ta zura shi sannu a hankali har ƙasan ramin, ba ta danna ba. A nan idonta ba shi da amfani, yatsunta ke gani. Ƙarfen yana wuce wuri mai santsi, sai ya ɗan yi tuntuɓe da wani ƙullutu. Ta wuce ƙarƙashinsa, ta ɗan buɗe bakin ƙarfen ya tsaya wajen digiri 70 da jikin haƙori, ta ƙara riƙo, ta ja sama da gajeren ja mai ƙarfi wanda bai wuce milimita biyu ba. Ba yatsu ke jan ba, tsintsiyar hannu da damtse ke juyawa tare. Ka ji ƙas, baƙin ɓarɓashi ya fito a kan auduga. Ta sake komawa, ja na bin ja, kowane yana hawa gefen na baya, sannan ta sassauta riƙo ta sake lalube, har ƙarfen ya zame ba tuntuɓe.

Wannan jin da yatsu ke yi shi ne babbar fa'idar ƙarfen hannu, kuma ba a samunsa a littafi. Sai an yi ta maimaitawa a kan haƙoran roba, sannan a bakin mutane, malami na tsaye yana gyara hannu.

Hannu ko inji?

An daɗe da gwada su. Binciken wata masaniya mai suna Badersten da abokan aikinta a farkon shekarun 1980 ya nuna cewa dasashi yana warkewa kusan daidai ko da hannu aka yi ko da inji, kuma binciken da ya biyo baya bai rushe wannan ba. Ƙa'idojin da ƙungiyar likitocin dasashi ta Turai ta fitar a 2020 sun amince da kowanne, ko a haɗa su.

Inji yana da nasa alheri, kuma bai kamata a tauye shi ba. Bakinsa yana girgiza sau dubu ashirin da biyar zuwa sama a daƙiƙa ɗaya, yana farfasa tsatsa mai kauri da sauri, ruwansa yana wanke ramin, siririn bakinsa yana shiga marabar saiwoyin turmi inda cokali ke shan wuya, kuma bai cika gajiyar da mai aiki ba. Ƙarfen hannu yana cin lokaci, kuma masu aikin da yawa na fama da ciwon tsintsiyar hannu da wuya da kafaɗa.

Amma inji yana tada feshin ruwa gauraye da miyau da jini, ya bazu a ɗaki. Shi ya sa a 2020, da annobar korona ta ɓarke, asibitocin haƙori a ƙasashe da dama suka koma ga kayan hannu, wasu ma'aikatan kuma suka tarar hannunsu ya yi sanyi saboda daɗewa bai yi aikin ba. Mai tarin fuka, da mai wahalar numfashi ko haɗiya, da wanda haƙoransa ba sa jure sanyin ruwa, duk hannu ya fi dacewa da su. Sannan kayan hannu sukan shiga ƙaramar jaka a kai su Murzuk ko Gatrun ko Ubari, a yi aiki a makaranta ko ƙaramin asibitin ƙauye.

Don haka inda akwai wuta da inji, a fara da inji a ƙarasa da hannu. Inda babu, hannu kaɗai ya isa, kuma marar lafiya bai yi asarar komai ba illa ɗan ƙarin lokaci.

Akwai kuma darasin da ilimi ya ƙara. A da ana koyar da cewa sai an kankare saiwar haƙori ta yi sumul, a cire har da fatarta. Daga baya aka gane dafin ƙwayoyin cutar a sama-sama yake manne, ba sai an ci jikin saiwa ba. An kuma gano cewa kankarar ƙarƙashin dasashi a wurin da raminsa bai kai milimita 3 ba tana iya jawo hasara maimakon riba. Gwani ba shi ne mai yawan kankara ba, shi ne wanda ya san inda zai tsaya.

Kaifi da tsabta

Dakusasshen makankari ya fi rashinsa illa. Maimakon ya ɓamɓare tsatsar, sai ya goge samanta ta yi santsi, mai aiki ya lalube ya ji sumul ya zaci ya gama, alhali cutar na nan kwance. Yana kuma tilasta a danna da ƙarfi, marar lafiya ya ji zafi, hannu ya gaji, ƙarfe ya zame. Maganin ba shi da tsada: ɗan dutsen wasawa, da digon mai ko ruwa gwargwadon irin dutsen, da 'yan mintoci. Ana gane kaifi da sandar roba: mai kaifi yana kama ta, dakusasshe yana zamewa. Ko a ɗaga shi ga haske: dakusasshen baki yana ƙyalli, mai kaifi ba ya yi. Wanda aka wasa har ya sirance kuwa a jefar da shi, kada ya karye a cikin dasashi.

Tsabta ta fi kaifi nauyi, domin wannan aiki ne na jini. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa a wajen jiki aƙalla kwana bakwai. Goge ƙarfe da sifirit bai wadatar ba, tafasa shi ma bai kai ba. Sai an wanke shi, an busar, an naɗe, an sa a tukunyar turara kaya mai matsin tururi, a zafin digiri 121 na aƙalla minti 15, ko digiri 134 na 'yan mintoci. A nan ne maganar cewa kayan hannu ba sa buƙatar wuta take da iyaka: kankarar ba ta buƙata, amma turarawar tana buƙatar zafi. Asibitin da ke garin da wuta ba ta da tabbas ya kamata ya tanadi jerin kaya da yawa, a turara su lokacin da wuta ke nan, ko ya mallaki tukunyar da ake ɗorawa a kan gas.

Wannan ne ma dalilin da ya sa masu wankin haƙora na bakin kasuwa suke da hatsari, haka wanda ke sayen ƙarfe ya tsaya gaban madubi, ko mai sa reza da allura. Dattin ƙarƙashin dasashi ba za su kai gare shi ba, kayansu ba a turare suke ba, ruwan da wasu ke shafawa ya faranta haƙori nan take kuwa sau da yawa mai tsami ne da ke cin farin ɓawon haƙori, wanda ba ya sake tsirowa.

Tsoron da ke hana mutane zuwa

Duk mai wannan aiki ya san maganar. Dattijo zai dawo bayan mako guda ya ce: "Likita, haƙoran nan da suna nan daram, sai da kuka wanke suka fara motsi, ga ƙofofi sun buɗe a tsakaninsu." Amsar gaskiya ita ce: "Baba, ƙashin ya daɗe da tafiya. Tsatsar ce ta liƙe su da juna tana ɓoye ɓarnar, ita ce kuma ke ƙara cin abin da ya rage. Ƙofofin da kake gani, wurin da ta cika ne, da wurin da kumburi ya saɓe." Bai kamata a jira sai ya dawo a faɗa masa haka ba. Kafin a fara ake nuna masa a madubi, da harshen da yake ji. Baƙon da Larabcinsa bai nuna ba, a nemo masa mai fassara, domin wanda bai fahimta ba shi ne zai koma masauki ya hana mutum goma zuwa.

Tsamin haƙora idan an sha ruwan sanyi bayan wanki gaskiya ne, amma yakan lafa cikin kwanaki ko 'yan makonni. Jini a lokacin aiki alamar kumburin da ke nan ne tun da farko. Idan ramukan na da zurfi ana yin allurar kashe zafi, a raba aikin zama biyu ko fiye. Mai juna biyu za ta iya yi, kuma sau da yawa ita ce ta fi buƙata, domin ciki na ƙara kumburin dasashi. Amma mai shan maganin tsinka jini, da mai ciwon zuciya, da mai ciwon sukari, lalle su faɗa tun kafin a fara.

Wani abin da ya kamata a faɗa a fili: ba kowace rina wanki ke fitarwa ba. Ta shayi da goro da taba tana fita. Wadda ta samo asali daga yawan sinadarin fulorayid a ruwan sha tun yarinta a cikin jikin haƙorin take, kamar yadda aka gani ga yaran Tibiri kusa da Maraɗi. Wanda ya yi ta kankarar irin wannan, haƙori kawai yake ci. Haka nan ƙwayoyin kashe cuta da ake saya a kantin magani ba sa cire tsatsa; kumburi ya ɗan lafa, ya dawo.

Abin da ya rage

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gwani zai iya share baki tas, amma farin danƙon nan a daren ranar zai fara dawowa. Idan mai haƙoran bai goge sau biyu a rana ba, da buroshi da man da ke da fulorayid, bai tsabtace tsakanin haƙora ba, cikin 'yan watanni an koma gidan jiya. Asawaki, wanda addini ya kwaɗaitar da shi, yana aiki sosai idan bakinsa sabo ne mai laushi kuma aka bi da shi har gindin haƙora ciki da waje, ba na gaba kaɗai ba. Bayan wanki mai zurfi kuma a dawo cikin mako huɗu zuwa takwas a sake aunawa. Wannan dawowar ita ke nuna ko aikin ya ci.

Ba kowa ne ke buƙatar wanki duk wata shida ba. Nazarin ƙungiyar Cochrane na 2018 ya nuna cewa ga manya masu zuwa duba baki a kai a kai, waɗanda ba su da ciwo mai tsanani, wankin al'ada ba ya ƙara wani abin kirki. Masu ramuka, da masu shan taba, da masu ciwon sukari su ne ya kamata a fi ba lokaci. Ga mai sukari ribar biyu ce, domin an nuna cewa maganin dasashi yana ɗan sauko da ma'aunin sukarin jini na tsawon watanni. A garin da ma'aikata ba su da yawa, kuma ɗan ci-rani ke ƙirga kowane dinari, wannan bambancewa adalci ne.

Ga masu koyarwa a Sabha, da takwarorinsu a Kano da Sakkwato da Yamai, kada a yaye ɗalibin da bai iya wasa makankari ba, ko bai iya gama baki guda da hannu ba. Ga masu asibitoci, kuɗin inji ɗaya na iya sayen jerin kayan hannu da dama da duwatsun wasawa, kuma tukunyar turara kaya ita ce farkon abin saye. Ga mai zuwa wanki kuwa, haƙƙinsa ne ya ga an auna dasashinsa kafin a fara, ya ga an buɗe kayan daga naɗinsu a gabansa, a kuma faɗa masa ranar dawowa. Idan ya sami waɗannan uku, kada ya damu da cewa bai ji ƙarar inji ba. Idan bai same su ba, ya tashi ya nemi wani wurin.